Dattin Keken Umma

Sai da Auta ta ga hanjin keken ɗinkin a baje cikin faranti, notuna da 'yan ƙananan ƙarafuna kwance a ƙasan kananzir, sannan hankalinta ya dawo jikinta. Ta dubi hannayenta baƙi ƙirin, ta dubi gangar keken tsirara a kan teburinsa. Wai ita wa ya aike ta?

Babu wanda ya aike ta, kuma da ma babu mai aikenta. Duk wanda ya tashi a ɗakin Umma ya san dokar keken ɗinkin nan tun bai san damansa da hagunsa ba: ba a taɓa shi. Ba a jingina da shi, ba a ɗora masa kofi, ko ƙura ba a share masa. Baƙin keke ne na takawa da ƙafa, tsohon yayi, mai nauyin tsiya, wanda Umma ta mallaka tun tana amarya. Da shi ta riƙe 'ya'yanta biyu bayan rasuwar mahaifinsu, da shi ta sa su makaranta. Yaya, babban ɗanta, yanzu ga shi da furfura a gemu, ga mota, ga ofis, amma har gobe in ya zo wucewa ta gefen keken sai ya tattare rigarsa, don kunnensa bai manta murɗar da ya sha ranar da ya mai da shi mota yana yaro ba.

To, keken nan ne ya fara ba Umma kunya. 'Yan watannin nan ɗinki sai dawowa yake. Wannan ta ce kalmasa ta karkace, waccan ta ce zare ya tsallake, wata ta kawo rigar makarantar ɗanta an fara mata ɗinki da shuɗin zare an ƙarasa da fari. Magana ta kai kunnen Yaya, shi kuwa da ma hanya yake nema. Ya daɗe yana cewa Umma ta wuce zama ita kaɗai a ɗaki ɗaya mai ƙofa a bakin titi, gara ta rufe ta koma gidansa, can saman bene, inda za ta huta ana kai mata abinci har gado.

"Hutu!" in ji Umma. "Ranar da kuka raba ni da keken nan, ku wuce da ni maƙabarta kawai, kada ku wahalar da mota sau biyu."

Duk wanda ya san Umma ya san ba wasa take ba. Shi ma Yaya ba wasa yake ba. Jiya ya yanke magana a gaban Auta: yau zai kai Umma asibiti a auna mata jini, in sun dawo zai ja kujera ya zauna, ta ɗinka abu ɗaya a kan idonsa. In ɗinki ya miƙe, ya bar ta da ɗakinta, ba zai ƙara ɗaga zancen ba. In ya karkace, ta haɗa kaya.

Ita Auta a shagon magani take aiki, can wani gefen gari, sai ƙarshen mako take samun leƙo Umma. Ta juya maganar a ranta, ta sake juyawa, ta tabbata laifin ba na Umma ba ne, na keke ne. Ai ko kurma ya ji irin kukan da yake yi in ana taka shi, kamar ƙofar da ta sha ruwan sama. Shekara da shekaru babu wanda ya buɗe cikinsa. Ta samo wani bidiyo a waya, wani mutum mai tsaftatattun hannaye yana kwance irin keken yana wankewa yana murmushi, abin a idonta bai fi wanke kwanuka ba. Suna tafiya asibiti da safe, ta zo da makullinta, da kwalbar kananzir, da man keke, da reza, da tsohon buroshin haƙori.

Abin da ya fara ba ta mamaki dattin waje ne. Umma mace ce mai tsafta, wadda ko cokali aka ajiye mata a jiƙe sai an sha masifa, amma kan keken nan kamar juji. A kan farantin ƙarfen da yadi ke bi, dama da allura kaɗan, an liƙa filasta, an ɗora wata a kanta, an ɗora wata, har ta yi tudu ta yi baƙi. A jikin marikin da ake murɗawa a ɗaure zare ko a sassauta shi, ɗigo-ɗigon jan farce ne busassu. Gefen sandar da ke saita tsawon ɗinki, wani ya manna tsinken ashana da gam. Zaren kansa abin dariya, fari daga sama, an ƙulla shi da shuɗi a tsakiya, shuɗin ne a cikin allura.

"Haba Umma," Auta ta ce da ɗakin. "Ina keke zai yi aiki da wannan tarkacen?"

Ta sa reza ta kankare filastar tas, ta bi gam ɗin da kananzir har wurin ya yi santsi kamar madubi. Ta kankare jan farce, ta ɓalle ashana, ta zare zaren ta dunƙule ta jefa kwandon shara. Tana yi har tana 'yar waƙa, baiwar Allah.

Daga nan ta shiga ciki. Da ta ɗaga farantin ƙarfen, sai ga ƙurar yadi ta daskare a tsakanin haƙoran keken kamar audugar tsohuwar katifa, da guntayen allurai da suka karye tun Allah kaɗai ya san yaushe. Ta ciro ƙoshiya, wato ɗan ƙoƙon ƙarfen da zaren ƙasa ke zama a ciki, ta ciro kwarkwaron zaren da ke cikinta. Ta kwance wannan, ta kwance wancan, abin yana mata daɗi, duk notin da ya fita sai ta jefa a faranti. Da ta goge gangar, sai wasu furanni masu ruwan zinariya suka fito a jikin baƙin, waɗanda rabonta da su tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburin. Nan ne ta ɗago kai ta ga abin da ta aikata.

Ta koma kan bidiyo don ta ga yadda ake mayarwa. Tirƙashi! Ashe keken mutumin ba irin na Umma ba ne sak. Kama suka yi ta fuska, ciki kowa da halinsa. Inda nasa ke da noti ɗaya, na Umma biyu ne, kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar farce a farantinta da ko kaɗan bai fito a bidiyon ba. Gumi ya karyo mata. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, mutumin yana ta murmushinsa, ta ji kamar ta shiga wayar ta mare shi.

Ta yi ta maza ta fara da marikin zare. Faya-fayai biyu ne ƙanana da wani ɗan siririn sifirin, bai fi gashin kai a naɗe ba. Ta kama shi da yatsu masu santsin mai, ta danna, sai ta ji tsit! Ya yi tsalle. Ba ta ga inda ya nufa ba, ƙararsa kawai ta ji a kan siminti, sau ɗaya, shi ke nan.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta zube a ƙasa tana rarrafe. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ɗaga tabarma, ta zazzage buhun guntayen yadi, ta shafa kowane tsagi na siminti da tafin hannu. Babu. Ba ma tsoron masifar Umma ne ya fi cin ta ba, ko da yake shi ma yana nan. Abin da take gani shi ne Yaya ya shigo ya tarar da keke a kwance, ya ce to, magana ta ƙare da kanta, kuma ita Auta, da hannunta, ita ce ta hau da uwarta saman benen nan.

Waya ta yi ƙara, ta zabura har ta buga kai da teburin. Yaya ne.

"Mun fito daga wurin likita, muna layin karɓar magani. Ki zo ɗakin Umma, ina son a yi komai a gabanki."

"Ina nan ma," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Ina ɗan share-share."

"Madalla. Ba za mu daɗe ba."

Ta ajiye wayar. A nan durƙushe, idonta ya faɗa kan wani abu da ke reto a ƙafar teburin, ɗaure da igiya: mayen ƙarfe, wanda Umma ke ja a ƙasa tana tsince allurai. Ta tsinke igiyar da haƙori, ta shiga jan sa a kan siminti lungu-lungu, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Ya kwaso allurai, ya kwaso fil, ya kwaso wani tsohon maɓalli. Can bayan ƙofa, da ta ɗago shi, sai ga ɗan banzan sifirin manne a gefe, yana sheƙi kamar bai yi komai ba. Ta fashe da kuka, ta share da gefen hannu, ta shafa wa fuskarta baƙin mai ba ta sani ba.

Sauran haɗin ba da ilimi ta yi shi ba, da tsoro ta yi shi. Ta gwada noti a rami, in ya ƙi ta gwada na gaba. Ɗan ƙarfen mai kamar farce ta juya shi ta kowace fuska har ya faɗa wani gurbi da kansa, ƙyas. Ta mayar da ƙoshiya, ta maida bel kan taya, ta murɗa tayar da hannu. Tayar ta cije. Ko motsi. Duk motar da ta rage gudu a titi sai ta waiwaya ƙofa. Ta sake buɗewa, ta ga ashe ƙoshiyar ta sa a baibai. Ta gyara, ta ɗiga mai a duk ramin da mutumin bidiyo ya ɗiga, ta hau kujera, ta ɗora ƙafa kan mataki, ta rufe ido ta taka.

Kai! Keken ya tashi kamar an sake shi daga mari. Babu ƙara, babu cijewa, wani lallausan sauti kawai, tar-tar-tar, tayar tana gudu ko bayan ta ɗauke ƙafa. Auta ta yi dariya ita kaɗai. Ta share ɗakin, ta kwashi shara ta kai can babbar bolar bakin titi don kada Umma ta ga tarin dattin ta ji kunya. Ba ta sa zare ba, ta bar wa mai keke ta zaɓi wanda take so. Tana wanke hannu ta ji tsayawar mota.

Umma ce ta fara shigowa, 'yar siririyar tsohuwa miƙaƙƙiya, hannunta ɗaya a jikin ƙofa kamar kullum. Ta tsaya, ta ja hanci.

"Wa ya zubar mini da kananzir a ɗaki?"

Keken yana gabanta, hasken taga yana dukan furannin zinariya, yana walƙiya kamar ranar da aka sauke shi daga kwali. Ba ta ko dube shi ba. Yaya ne ya shigo bayanta ya yi turus.

"A'a! Umma, sabon keke kika yi ba labari?"

"Ni ce na wanke shi," Auta ta ce da sauri, ta sunkuyar da kai tana jiran saukar aradu. "Ciki da waje. Umma ki yi haƙuri, na ga yana ba ki wahala ne."

Ta jira. Ta san jerin zagin tun daga farko har ƙarshe, ta ma shirya kunnenta. Amma shiru. Da ta saci kallo, sai ta ga fuskar Umma ta yi wani irin fari-fari, leɓenta na ƙasa yana motsi babu magana. Tunda Auta take, ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba, ko ranar da aka shigo da gawar mahaifinsu. Yau ta gani, kuma shi ya fi zagin tayar mata da hankali.

"Ciki da waje," Umma ta maimaita a hankali.

Yaya ya ja kujera ya zauna, ya harɗe ƙafa. "To ai shi ke nan, yanzu babu uzuri. Bismillah, Umma."

Umma ta zauna a mazauninta. Ta miƙa hannu bayanta, ba tare da ta waiwaya ba, ta zaro wani farin yadi da ta riga ta yanka, rigar aikin wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya. Ta ɗora a cinya. Sai ta kai hannun dama kan keken.

Auta tana tsaye tana kallon yatsun. Suka sauka kan farantin ƙarfe, dama da allura kaɗan, daidai inda tudun filasta yake a da. Suka shafa. Suka matsa gaba, suka dawo baya, suka sake shafawa. Suka hau marikin zare, babban yatsa yana zagaya shi yana neman ɗigon da babu. Suka gangara gefen sandar saiti, inda tsinken ashana yake. Sannan suka tashi sama, suka kama iska a wurin da zare ya saba ratsawa. Kuma duk wannan abin, idon Umma yana kan bango.

Wani sanyi ya taso wa Auta daga tafin ƙafa har tsakar ka. Wayyo Allah. Ba datti ba ne. Filastar nan ita ce layin da bakin yadi ke bi. Jan farcen da ashanar, su ne lambobin da take karantawa da yatsa. Ƙullin zaren kuwa, ashe ba ta taɓa bari allura ta zama babu zare, sabo take ƙullawa a wutsiyar tsoho ta jawo shi ta cikin kafar allurar, don ba za ta iya zurawa ba. Nan take abubuwa suka yi ta faɗo mata a rai. Yadda Umma ke miƙa wa wadda ta kawo ɗinki tef ɗin awo ta ce karanta da bakinki, kada gobe ki ce na rage miki. Yadda ta daina kunna fitila wai tana sa mata ciwon kai. Yadda take gane Auta tun daga takunta, kafin ta yi sallama. Umma ba ta gani. Allah kaɗai ya san tun yaushe. Idonta a jikin keken nan yake, Auta kuwa ta sa reza ta kankare shi, ta kai bola.

"Muna jira fa," in ji Yaya, ba da faɗa ba.

Umma ta lalubo farin zare, ta ɗora, ta bi da shi ta hanyoyinsa da hannu, wannan kam jikinta ya haddace. Ta zo kan allura. Ta lashi bakin zaren, ta kai, ya wuce ta gefe. Ta sake lasa, ta sake kaiwa. Ya sake wucewa.

"Umma kawo!" Auta ta faɗa da ƙarfi har Yaya ya ɗago. Ta sassauta murya. "Ni na cire, ni zan mayar. Sabuwar allura ce na sa, kafarta ƙanƙanuwa ce."

Ta durƙusa gefen keken ta karɓi zaren. Ita ma sai da ta kuskure sau ɗaya, sannan ya shiga. Ta jawo zaren ƙasa, ta murɗa marikin zuwa inda take tuna babban ɗigon jan farcen yake, tana roƙon Allah ya sa daidai ne. Kanta yana dab da kafaɗar Umma, tana jin numfashin tsohuwar yana fita guntu-guntu.

Umma ta shimfiɗa yadin ƙarƙashin allura, ta sauke masa ƙarfen da ke danne shi. Yatsanta ya sake zuwa neman tudun filasta. Sai ya tarar da wani abu a wurin, mai ɗumi. Yatsan Auta ne, ta kwantar da shi a kan ƙarfen, miƙe, daidai inda ta kankare.

"Bari in riƙe miki yadin," ta ce. "Wurin ya yi santsi da mai, kada ya zame."

Umma ta tura bakin yadin har ya jingina da yatsan 'yarta, ta ɗan danna yatsan sau ɗaya, ta taka.

Abin da su biyun ba su lissafa ba shi ne keken ya warke. Shekaru Umma tana taka shi da ƙarfin da ake tura ƙofa mai cijewa, yau kuwa babu abin da ke riƙe shi. Ya zabura. Yadi ya shiga gudu yana gogar yatsan Auta, allura tana hawa tana sauka har ba a ganinta, tazarar da ke tsakaninta da naman yatsan ba ta kai faɗin ƙwayar shinkafa biyu ba. Auta ta kafe. Zufa tana gangaro mata cikin ido, amma ta san in ta janye ko kaɗan, layi ya karkace. Ta ƙura wa ɗinkin ido yana fita ta baya, miƙe sambal, ɗigo bayan ɗigo.

Sun kusa ƙarshe yadin ya zo da kauri, inda aka ninka shi. Ya fizgi yatsan ya yi ciki da shi. Allurar ta shiga ta gefen farce ta fita, ta sake shiga.

Auta ta ciji leɓenta har ta ji gishiri. Duniya ta yi mata fari fat. Ba ta yi ko tari ba. Ta ja yatsan baya kaɗan, zuwa inda ya kamata ya zauna, ta sake kafe shi.

"Mene ne wannan?" Umma ta tambaya, ƙafarta ba ta tsaya ba.

"Kaurin kalmasa ne, Umma. Ci gaba."

Umma ta kai ƙarshe, ta tsayar da taya da tafin hannu, ta yanke zare. Auta ta zame ta zauna a ƙasa, ta dunƙule hannun cikin gyalenta ta matse a ciki. Tsohuwa ta bi ɗinkin da babban yatsa daga sama, ta ji shi a miƙe, sai ga tsohuwar muryar nan ta dawo mata, mai kaifi. Ta ɗaga yadin sama da hannu biyu.

"Ungo, Babba," haka take kiran Yaya. "Duba da kyau, kai mai ido. Nuna mini inda ya karkace."

Yaya ya tashi ya karɓa. Ɗinki kam ya miƙe kamar an ja shi da rula. Amma daga inda kaurin yake har ƙasa, jini ne ja wur a kan farin yadi, ya bi layin ɗinkin, yana ta yaɗuwa. Ko daga bakin titi mutum zai hango shi. Yaya ya dubi yadin, ya dubi Auta a ƙasa. Ta girgiza masa kai, hawaye na zuba, tana roƙonsa da ido. Ya juya ya dubi mahaifiyarsa, wadda ta ɗaga haɓa tana jiran hukunci, tana kallon wani wuri kusa da kafaɗarsa. Ya daɗe yana kallonta.

"Ya miƙe, Umma," ya ce da ƙyar.

"Ka bar ni da ɗakina?"

"Na bar ki."

"To kawo kayan mutane."

Ya miƙa mata. Ta shiga ninkewa, tana wani ɗan murmushin nasara, sai yatsanta ya faɗa kan danshi. Ta tsuke fuska.

"Kin gani ko? Kin cika masa mai, ga shi kin ɓata wa baiwar Allah riga. Farin yadi fa!"

Ta kai wurin hancinta. Ta sake kaiwa. Murmushin ya tafi.

"Auta. Kawo hannunki."

Auta ta miƙa na hagu.

"Ɗayan."

Babu yadda za ta yi. Umma ta warware gyalen, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya har ta zo kan wanda ya jiƙe, Auta ta ja numfashi. Tsohuwar ta riƙe yatsan a cikin tafinta.

"Tun ina?" ta tambaya.

"Tun wurin kaurin."

"Kuma na ci gaba da takawa."

"Ni na ce ki ci gaba, Umma. Ba zafi, wallahi ba zafi. Laifina ne, zan mayar miki da komai, filastar da jan farcen, ki nuna mini wurin kawai, yau ɗin nan zan mayar. Yaya ya ce ya bar ki, kin ji da kunnenki."

Umma ta jawo ɗan aljihun teburin, ta ciro naɗin filasta, irin wadda Auta ta kankare. Ta yaga da haƙori, ta naɗe yatsan tsaf, ba ta kuskure ba. Sannan ta juya ta ɗora tafin hannu kan gangar keken tana shafawa.

"Furannin nan na zinariya, suna nan?"

"Suna nan, Umma. Sun fito tas."

"Kin iya wanki," ta ce. "Rabon da ya yi wannan sautin tun ina amarya."

Ta sunkuya ta ɗauko murfin katakon da Auta ba ta taɓa ganin an rufe keken da shi da rana ba, ta kifa masa, ta danna har ya ce ƙyas.

"Ki sa a kai shi wurinki. Ki riƙa ba shi mai."

"Umma, a'a!" Auta ta kama ƙafarta. "Kin ce ranar da aka raba ki da shi..."

"Na san abin da na ce."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro makullin ɗakin, ta miƙa shi gaba, wajen ƙofa, inda babu kowa. Yaya yana gefen taga. Ya taka a hankali, kada takalminsa ya yi ƙara, ya je ya tsaya inda take miƙawa, ya tara hannu biyu.